Mai Hoto A Bakin Ramin Kuza

Wata ranar Asabar da yamma muna zaune a ƙofar gida muna duba littattafan yara, sai ga wani dattijo, tela, wanda 'ya'yansa biyar duka suka bi ta hannunmu a makarantar ikkilisiya. Bayan mun gaisa ya sha ruwa, sai ya ce, "Malam, a kan 'yarka na zo." Haka iyaye sukan yi, idan yaro ya fi ƙarfinsu sai ya zama ɗan malam. Ya ce, "Shekara huɗu ke nan ina taka keke dare da rana domin kuɗin makarantarta. Yanzu saura watanni ta gama. Na tambaye ta aikin da za ta yi, ta ce hoto. Na ce madalla, sai mu nemi shago a bakin kasuwa. Ta ce a'a, Baba, ba irin wannan hoto ba. Wai ita hoton ramuka za ta ɗauka. Malam, wa zai sayi hoton rami?"

Ba mu ba shi amsa a ranar ba, gama mu ma ba mu gane nufin yarinyar ba. Muka roƙe shi ya turo mana ita. Bayan mako biyu ta zo da jaka a kafaɗa da ambulan cike da hotuna, muka zauna da ita har sau uku. Abin da muka ji, muka kuma gani, shi muka kawo muku a wannan wata, domin mun san ba a gidan tela kaɗai ake irin wannan gardama ba. Ba za mu faɗi sunanta ba. Auta ce a gidansu, tana shekara ta ƙarshe a wata kwaleji a Jos inda ake koyar da aikin hoto.

Hoto iri biyu

Hoton da dukanmu muka saba da shi shi ne na shago. Mutum yakan yi wanka, ya sa kayan Kirsimeti, ya tsaya gaban labule mai zanen furanni, ya biya kuɗinsa. Aikin mai hoto ya sa shi ya yi kyau, ko da kuwa bashi ya yi masa katutu. Ba laifi cikin wannan, mu ma muna da irinsa a bangon ɗakinmu.

Wanda yarinyar take nufi dabam ne. Turawa suna ce masa dokumantari, mu kuwa za mu kira shi hoton shaida, gama aikinsa ke nan, ya tsaya shaida cewa abu kaza ya faru, mutane kaza sun yi zama a wuri kaza. Mai ɗaukarsa ba ya ce wa mutum matsa nan, gyara wuya, yi murmushi. Yakan je inda mutane suke aikinsu, ya yi ta komawa wata da watanni, har ya tara hotuna talatin ko arba'in waɗanda idan aka jera su za su ba da labari guda, kamar shafukan littafi. A ƙarƙashin kowane hoto kuma tilas a rubuta wane ne, a ina, yaushe. Ta ce mana malamansu ba sa karɓar hoton da ba shi da wannan rubutu, komai kyaunsa. Muka ji daɗin wannan, domin mu ma ba ma karɓar amsar lissafi ba tare da an nuna hanyar ba.

Kakan da ba shi da hoto

Muka tambaye ta, don me ramuka? Sai ta ce a shekararta ta biyu aka umarce su kowa ya kawo hoto mafi tsufa da ke gidansu. Ta juye akwatin mahaifiyarta ta sami hoton auren iyayenta. Da ta nemi na kakanta na wajen uba, sai aka ce babu, ko ɗaya. Abin da aka sani kawai, an kawo shi yana saurayi daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau lokacin yaƙi, ya yi aikin kuza, ya zauna a Bukuru har ya rasu.

Ga waɗanda ba su san labarin kuza ba, ga shi a taƙaice. Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar nan suna narka ta, musamman a Ririwai. A farkon shekarun 1900 Turawan Ingila suka hau tsaunin Filato suna neman inda take fitowa, kamfanoni suka biyo baya, har aka ja siririn layin dogo daga Zariya ya iso Bukuru a 1914. Sa'ad da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya a 1942, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta rasa babban wurin da take samun kuza, sai ta juyo kanmu. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa tara maza a kan tilas daga lardunan Arewa, dubun-dubatarsu, ana kai su haƙa. Mutanen ƙasar zafi ne aka jefa cikin sanyin Filato, abinci bai isa ba, wurin kwana ba kyau. Waɗansu suka mutu, waɗansu suka gudu. Bayan yaƙi aikin ya ci gaba, sa'an nan ya soma ja da baya sannu a hankali, har watan Oktoba na 1985 da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar Landan. Manyan kamfanoni suka naɗe tabarmarsu. Abin da suka bar mana shi ne tulin jar ƙasa da ramukan nan da ruwa ya cika, waɗanda duk matafiyi yake gani daga Jos zuwa Bukuru har Barkin Ladi.

Yarinyar ta shiga neman tsofaffin hotunan wancan zamani a littattafai. Ta ce ta samu da dama. Bature yana nan da sunansa da muƙaminsa. Injin haƙa ma an rubuta sunansa. Amma mutanen da suke jere da kwanon sarki a kansu, kalma ɗaya aka ba su gaba ɗaya: leburori. "Malam," in ji ta, "mai yiwuwa ne na riga na ga Kaka a cikinsu, amma ba yadda zan sani." Muka tuna da mutum-mutumin Nok da mukan kai yara su gani a gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. A wurin haƙar kuza ne aka fara tono su a 1928. Mutanen da suka wuce fiye da shekara 2,000 sun bar mana fuskoki na yumɓu, ga wanda ya yi aiki a ƙasar nan shekara 80 da suka wuce bai bar wa jikarsa fuska ba.

Saboda haka ta ƙudura cewa waɗanda suke cin abinci a bakin ramukan a yau ba za su wuce haka ba.

Yadda take aikin

Ramukan ba kango ba ne yadda mai wucewa a mota yake zato. Da rani manoma sukan ɗora inji su ja ruwa su shuka kabeji, karas, tumatir da dankalin Turawa. Mata sukan zauna cikin ruwa da ƙwarya ko kwano suna wanke tsohuwar ƙasar da kamfanoni suka zubar, suna tsintar sauran kuza. Samari sukan haƙa rami mai zurfi kamar rijiya, a zura mutum da igiya. Wani lokaci ramin yakan rufta. Yara kuma sukan je wanka, ba dukansu suke komowa gida ba. Duk wanda ya yi koyarwa a wannan yanki ya san wannan baƙin ciki.

Ta ce mako uku na fari ba ta fitar da kyamara daga jaka ba. Da yawa cikin masu haƙan ba su da takardar izini, saboda haka baƙo mai kyamara a wurinsu ɗan leƙen asiri ne. Ranar farko samari suka kore ta. Sai ta koma wajen matan, ta gaishe su, ta koyi gaisuwa da Berom domin tsofaffin da suka fi son a gaishe su da harshensu, ta riƙe wa wata jariri, ta gwada wankin kuza suka yi mata dariya. Wata tsohuwa ce ta fara ce mata, "'Yata, abin nan da kike ɓoyewa a jaka, fito da shi mana." Daga ranar aiki ya kama.

Gilashi ɗaya take amfani da shi a bakin kyamarar, wanda ba ya jawo abin da yake nesa. Muka ce ai wannan ragi ne. Ta ce da gangan ne, domin idan tana son fuskar mutum tilas ta matsa kusa har ya gan ta, ya kuwa sami zarafin cewa a'a. Takan fita tun asuba, gama hasken safe da na la'asar suna da taushi, na tsakar rana kuwa yakan baƙanta idon mutum da inuwa. Hazon hunturu ma yana taimakonta, ko da yake ƙurarsa abokiyar gabar kyamara ce. Tana da ƙaramin littafi inda take rubuta sunan kowa, da garinsu, da abin da ya faɗa. Idan ta koma kuma takan kai wa kowa hotonsa a wanke a takarda. Wannan ne yake cinye kuɗin abincinta, amma ta ce shi ne hayar da take biya.

Cikin ambulan ɗin akwai hoto guda da muka daɗe muna kallo. Hannuwan wata mata ne kawai, sun tsattsage da ruwa, riƙe da gwangwanin madara mai ɗan baƙin yashi a ƙasansa. Aikin yini guda ke nan. Mun sha karanta labarin talaucin masu wankin kuza, amma gani ya kori ji.

Sa'an nan ta ba mu labarin abin da ya kusa kashe mata aikin. Ta sa wani hoto a intanet, na wata mata tana wanki, ɗanta na zaune kusa da ita yana wasa da kwano ranar Asabar. Wata ƙungiya ta ɗauki hoton ba tare da tambaya ba, ta yanke uwar, ta bar yaron da kwano, ta rubuta cewa ga yaron da aka hana makaranta aka sa aikin bauta, a aiko da taimako. Yaron kuwa yana aji uku, da kuɗin kuzar nan uwarsa take saya masa littattafai. Wani ya nuna wa matar a waya. Ta tare yarinyar a gaban jama'a ta ce, "Na ba ki fuskata, kin je kin sayar da ɗana." Wata guda ba wanda ya amsa gaisuwarta a bakin ramin. Sai da ta bi ƙungiyar da wasiƙu har suka cire hoton, ta kuma je gidan matar tare da mahaifiyarta suka ba da haƙuri. Tun daga ranar ba ta sa hoton kowa a intanet sai ta nuna masa, ta karanta masa abin da ta rubuta a ƙasa.

Waɗanda suka riga ta

Iyaye sukan ɗauka wannan sabon yayi ne na yaran zamani. Ba haka ba ne. A 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa, kafin ƙarnin ya ƙare kuwa muna da namu gwani, Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, wanda aka haifa a 1873 ya rasu a 1905. Shi ya ɗauki sanannen hoton Sarkin Bini, Oba Ovonramwen, a cikin jirgin ruwa a 1897, bayan Turawa sun ci garinsa suna kai shi Kalaba. Da yake J. A. Green yake rubutawa a bayan hotunansa, an daɗe waɗansu suna tsammani Bature ne.

Wanda yarinyar ta fi ambata shi ne J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rayu daga 1930 zuwa 2014. A 1968 ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya, ya yi ta yi shekara da shekaru har ya tara wajen hotuna 1,000. Ba wanda ya aike shi. A lokacin yana aikin albashi a wani kamfanin talla a Legas, daga baya ya buɗe nasa shagon. Waɗansu irin kitson an daina yinsu, a hotunansa kaɗai za ka gan su yanzu. Akwai kuma Malick Sidibé na Bamako a ƙasar Mali, wanda ya yi suna da hotunan bukukuwa da raye-rayen samari, aikin da ake biyansa kuɗi kaɗan-kaɗan. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a bikin zane-zane na birnin Venice a Italiya. Kusa da mu kuma ga Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda aikin jinya ta fara karanta. A 2015 ta soma ɗaukar mutanen Borno a kasuwa, a makaranta, a wurin biki, ta kira aikin Bits of Borno, domin duniya ta ga akwai sauran rayuwa a garin ban da bama-bamai.

Mu abin da muka lura da shi cikin labarin Ojeikere da Sidibé shi ne, dukansu suna da inda suke samun na cefane. Nan muka kawo mata tambayar mahaifinta.

To, me za a ci?

Ba ta yi fushi ba, ta riga ta yi lissafinta a bayan littafin nan nata. Da fari akwai shekarar bautar ƙasa, wadda aka fara a 1973, wadda kuma take kan masu digiri da babbar difloma da ba su wuce shekara 30 ba. A 2025 aka fara biyan alawus na Naira 77,000 a wata. Tana so ta matse cikinta ta tara wani abu daga ciki domin kyamara ta biyu, ko da wadda aka yi amfani da ita ce, gama mai hoto mai kyamara ɗaya kamar manomi ne mai fartanya ɗaya. Duk inda aka tura ta kuma, in ji ta, akwai mutanen da ba a taɓa rubuta sunansu a ƙarƙashin hoto ba.

Bayan hidimar za ta komo Jos. Jumma'a da Asabar na biki ne: aure, suna, taron zumuntar mata, bikin gama makaranta. Tun yanzu ma tana bin wani mai hoto tana riƙe masa fitila yana ba ta na mota. Kwana uku cikin mako na ramuka ne. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Idan aikin ya kai shekara uku tana so ta aika da shi wuraren da ake nuna irin waɗannan hotuna, kamar bikin LagosPhoto da aka fara a 2010, da na Bamako da aka fara a 1994, gama a irin waɗannan wurare ne masu buga jaridu da littattafai suke ganin sabon hannu. Tana kuma koyon rubuta takardar neman tallafi da Turanci, domin akwai gidauniyoyin da suke ba da kuɗi a yi irin wannan aiki, amma masu nema sun fi kuɗin yawa ƙwarai.

Mun gaya mata inda muke jin tsoro, ba mu ɓoye ba. Kayan aikin duka daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala. Kowa yanzu yana da waya mai ɗaukar hoto, har mai biki yakan ga ba dalilin biyan wani. Jaridu ba sa biya da yawa, sau da dama kuma sai an bi su. Hanyoyin ƙauyukan nan ba kullum suke da lafiya ba, ga ta mace ita kaɗai da kaya mai tsada a kafaɗa. Babban tsoronmu kuwa shi ne aikin biki ya haɗiye ɗayan. Mun ga malamai da yawa da suka ce za su yi ɗan kasuwanci a gefe domin su iya ci gaba da koyarwa, yau suna kasuwa, alli ya bar hannunsu. Kuɗin Asabar yana da zaƙi, bakin rami kuwa sanyi ne da laka.

Muka kuma ba ta shawara biyu da muka ga sun dace da duk yaron da ya kama wannan hanya. Kada ta ba kowace ƙungiya hoto sai da yarjejeniya a rubuce, wadda ta faɗi inda za a yi amfani da shi da abin da za a rubuta a ƙasansa. Dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar nan, wadda aka sabunta a 2022, ta haɗa da hotuna, amma doka ba ta bin mutum gida, sai wanda ya riƙe takardarsa. Na biyu, kada ta amince da waya ko kwamfuta ɗaya. Ta ajiye aikin a wuri biyu ko uku, mafi kyau kuma ta wanke a takarda. Hoton auren iyayenta ya kai shekara 40 a akwati, mu kuwa hotunan bikin makarantarmu na shekara biyar da suka wuce sun tafi tare da wayar da aka sace.

Ko za ta ci riba da wannan aiki, ba mu yi wa mahaifinta alkawari ba. Mun dai gaya masa cewa a ganinmu yarinyar ba yawo take yi ba, gama wanda yake yawo ba ya lissafi, ba ya kuma komawa ba da haƙuri inda aka kunyata shi.

Kafin jarrabawarta ta ƙarshe ta ɗaura igiya tsakanin itatuwa biyu kusa da ramin da ta fi zuwa, ta rataya hotuna 24 da abin maƙale shanya. Muka je tare da tela, ya sa babbar rigarsa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Matan suka bar kwanoninsu suka zo suna nuna juna suna shewa. Wadda ba ta iya karatu ba takan jawo yaro ya karanta mata sunanta. Matar nan mai ɗa ma ta zo, hotonta yana nan cikakke, ita da yaron, an rubuta ajinsa a ƙasa.

Dattijon ya bi igiyar daga farko har ƙarshe bai ce kome ba. A hoto na ƙarshe ya tsaya, wanda ba kowa a cikinsa sai ruwa da jar ƙasa, ba rubutu kuma a ƙasansa. Ya tambaye ta dalili. Ta ce, "Baba, na Kaka ne, ban san abin da zan rubuta ba." Ya ce ta kawo biro. Ya faɗa mata sunan mahaifinsa, da sunan ƙauyensu, da shekarar da aka kawo shi, 1943, ta rubuta. A hanyarmu ta komowa ya ce mana har yanzu maganar shago tana nan, ya riga ya yi magana da mai ɗakin da yake kusa da nasa, amma zai bari ta gama bautar ƙasa tukuna.